Aliano: Garin da Littafi ya Riga Matafiyi Shiga

Duk mai niyyar zuwa Aliano sai ya nemi mota, domin jirgin ƙasa ba ya kaiwa can. Daga Matera, babban birnin lardin, tafiyar ta zarce awa guda, kuma ƙarshenta hawa ne mai kwane-kwane a tsakanin tuddan farin yumɓu da ruwan sama ya zaizaye har suka tsattsage, babu itace babu ciyawa, waɗanda mutanen ƙasar suke kira calanchi. Garin yana kan doron tudu a jihar Basilicata ta kudancin Italiya, kwazazzabai sun kewaye shi, a ƙasansa kuma koguna biyu ne, Agri da Sauro. Bahaushen da ya ji sunan na biyun zai yi murmushi, ko da yake dacewa ce kawai ta harsuna. Amma dacewar ta yi daidai, don kuwa zazzaɓin cizon sauro shi ne ya mallaki waɗannan kwaruruka har zuwa bayan yaƙin duniya na biyu.

Mazauna garin a yau ba su kai 1,000 ba. Ba shi da babban coci irin na Orvieto, ba shi da dogayen hasumiyoyi irin na San Gimignano. Abu guda yake jawo baƙo zuwa can: littafin Carlo Levi mai suna Cristo si è fermato a Eboli, wanda kamfanin Einaudi ya buga a 1945, masu karatun Faransanci kuma suka same shi a 1948 da sunan Le Christ s'est arrêté à Éboli, fassarar Jeanne Modigliani. Matafiyi yakan isa garin da littafin a jaka, ya tarar an lilliƙa sassansa a jikin bangaye, an mayar da gidan da marubucin ya zauna gidan tarihi, an kuma nuna masa hanyar maƙabarta inda kabarinsa yake. Ke nan kafin idon baƙo ya sauka a kan Aliano, wani ido ya riga ya gaya masa abin da zai gani. Wannan kuwa dalili ne isasshe na a sake auna littafin, a ga abin da ya ba garin da abin da ya karɓe masa.

Levi ɗan Torino ne, haifaffen 1902, daga gidan Yahudawa masu ilimi da rufin asiri. Ya karanta likitanci, amma zane ya fi ɗaukar masa hankali, sannan yana cikin ƙungiyar Giustizia e Libertà mai adawa da mulkin Mussolini. A 1935 gwamnati ta yanke masa ɗaurin talala, irin hukuncin da ake kira confino: ba a sa mutum kurkuku, sai a kai shi wani ƙauye mai nisa, a ce kada ya wuce iyakar gidaje, kullum ya sa hannu a rajista, wasiƙunsa kuma sai an karanta. An fara kai shi Grassano, sannan a watan Satumba aka mayar da shi Aliano, inda ya zauna har Mayun 1936. Wata takwas ke nan, ko ɗoriya kaɗan. Littafin kuwa sai bayan shekara bakwai ya rubuta shi, daga Disamban 1943 zuwa Yulin 1944, yana ɓoye a wani gida a Firenze lokacin da sojojin Jamus suke farautar Yahudawa da ƴan adawa. A cikinsa ya kira garin Gagliano, kusa da yadda mutanen wurin suke furta sunan, ya kuma sauya sunayen wasu daga cikin mutanen.

Sunan littafin yana bukatar bayani, don kada mai karatu ya ɗauka magana ce ta addini. Eboli gari ne a kudu da Salerno, inda hanya da dogo suke rabuwa da bakin teku su nufi cikin tsaunuka. Manoman da Levi ya zauna da su suna cewa Almasihu bai wuce nan ba. A bakinsu kuma kalmar Kirista tana nufin ɗan Adam. Abin da suke faɗa shi ne ba a lissafa su cikin mutane ba, ana kallonsu kamar dabbobin dako.

Ƙarfin littafin yana cikin irin kallon da ke cikinsa. Matafiyi na yau da kullum yana da ikon tashi ranar da ya gaji, shi ya sa kallonsa yake tsintar abin da ya yi masa daɗi ya bar saura. Levi ba shi da wannan iko. Ranar da ya sauka, tun bai kwance kaya ba, manoma suka ji an kawo likita, suka ja shi wajen wani mai fama da zazzaɓi wanda ya riga ya yi nisa. Mutumin ya mutu. Daga nan ƙofofin gidaje suka buɗe masa, duk da cewa ya daɗe da barin aikin likita kuma bai so komawa ba. Ya shiga ɗakunan da mutum da akuya da alade suke kwana tare, jariri yana lilo a shimfiɗar da aka rataya bisa gado. Ya ga yara masu kumburarren ciki da rawayar fuska. Ya ga baƙaƙen ƙyallaye na makoki a ƙofofi, waɗanda ba a cire su sai iska da rana sun cinye. Idon likita ya ba shi sunan cuta, idon mai zane ya ba shi launi da siffa, kuma haɗuwar biyun ce ta sa shafuffukansa ba su tsufa ba.

Inda ya fi gwaninta, a ganin mai nazari, shi ne wajen zana manyan gari. Akwai magajin gari Don Luigino, malamin makaranta ne kuma ɗan jam'iyyar fasist, mai barin yara cikin aji ya fito baranda yana shan taba yana lura da masu wucewa. Akwai ƴar'uwarsa Donna Caterina, wadda ita ce take juya garin daga cikin gida, kuma ta so ta yi amfani da sabon likita don ta karya abokan gabarta. Akwai tsofaffin likitoci biyu, Milillo da Gibilisco, waɗanda ilimi ya gudu ya bar su da takardar shaida, suna ganin rashin lafiyar talaka a matsayin gonarsu ta gado. Akwai kuma limamin coci Don Trajella, wanda shi ma korarre ne, yana zaune da tsohuwarsa da kaji a ɗakin da littattafansa suke ruɓewa. Levi bai zage su ba. Ya bar su suna magana har suka tona kansu. Ƙaramin gari mai ƙarancin arziki, inda muƙami ɗaya ko biyu ne kawai suke ciyar da gida, dole gaba ta zama sana'a. Har ma da wurin fitsari na siminti da hukuma ta gina a tsakiyar dandali, a garin da babu ruwan famfo a gidaje, wanda ba mai shigarsa sai dabbobi da yara: duk wanda ya taɓa ganin aikin gwamnati da aka yi don a faɗa a rahoto zai gane shi nan take.

To amma littafin bai tsaya ga kallo ba, yana da da'awa, kuma a nan ne gardama take. Levi yana cewa duniyar manoman nan tana wajen tarihi, lokaci ba ya tafiya a cikinta, dauloli sun zo sun wuce ta samanta, Girkawa da Rumawa da sauransu, ba tare da sun taɓa cikinta ba. Yana ganin wayewa biyu ce ke fuskantar juna: ta birni da gwamnati da sojoji, da ta ƙasa da haƙuri da tsafi. Magana ce mai daɗin ji, kuma ya rubuta ta da harshe mai ratsa jiki. Sai dai shaidun da shi kansa ya tara suna ƙaryata ta shafi bayan shafi.

A duba abin da ya ce yana gani a saman gado a kusan kowane gida: hotuna biyu, na baƙar Madonna ta Viggiano da na shugaban Amurka Roosevelt, wani lokaci da takardar dala a tsakaninsu. Babu sarkin Italiya, babu Mussolini. Shi ya faɗa cewa garin yana da mutum 1,200 a gida da wajen 2,000 a Amurka, kuma in da manoman suna da babban birni, to New York ne, ba Roma ba. Mai karatu daga Adar ko Arewa, inda akwai ƙauyukan da labarin Abijan ya fi na Yamai saurin isa, ba ya bukatar a yi masa tafsirin wannan. Mutanen da suka tsallake teku, suka yi aiki a masana'antu da gine-gine, wasu suka dawo bayan karyewar kasuwa ta 1929 suka sayi gona mai tsada marar albarka, waɗannan suna tsakiyar tarihin duniya na zamaninsu. Haka kuma jangalin awaki da gwamnati ta ɗora, wanda ya sa talakawa suka riƙa yanka dabbobinsu don ba su iya biya: doka ce mai kwanan wata, daga wani ofis, da sa hannun wani. Haka yaƙin ƴan fashin daji da ya biyo bayan haɗewar Italiya a shekarun 1860, wanda tsofaffin garin suke ba shi labarinsa kamar jiya, har kwazazzabon da ke gefen gari yana ɗauke da sunan sojan da aka ce an jefa a ciki. Su kansu fararen tuddan da suke burge baƙo, Levi ya ambata cewa dā akwai dazuzzuka a ƙasar, aka sare su. Abin da ya kira rashin tarihi tarihi ne cikakke, na waɗanda aka ci da yaƙi, aka ɗora wa haraji, aka bar su.

Ba yau aka fara yi masa wannan suka ba. Tun a 1954 Mario Alicata, daga ɓangaren ƴan kwaminis, ya rubuta cewa batun kudancin Italiya bai kamata ya tsaya a Eboli ba, yana zargin Levi da ƙawata talauci da mayar da shi tatsuniya. Sukar tana da nata son zuciya, domin jam'iyya ba ta son a ce manomi yana da hankalin kansa da bai dace da tsarinta ba, kuma shawarar Levi ta a ba ƙauyuka ikon tafiyar da kansu ba ta yi wa kowace jam'iyya daɗi ba. Duk da haka ta taɓa wurin da ke ciwo. Abin da ya biyo baya ma ya nuna haɗarin irin wannan kallo idan ya faɗa hannun wanda ba shi da tausayin Levi: a 1958 Ba'amurke Edward Banfield, bayan ya zauna a Chiaromonte cikin jihar nan, ya fitar da littafin da ya ɗora laifin koma-bayan mutanen a kan ɗabi'arsu ta son iyali fiye da jama'a. Daga cewa mutane suna wajen tarihi zuwa cewa halinsu ne ya hana su ci gaba, taki ɗaya ne.

Giulia, matar da take yi masa aikin gida, ita ce ta fi kowa rai a littafin, kuma a kanta ne raunin ya fi fitowa. Levi ya ce ta yi ciki goma sha bakwai da maza goma sha biyar, ta san magunguna da sammu da addu'o'in mallaka, ita ta koya masa sirrin garin. Ya kwatanta ta da dabbar daji, da dutse, da tsoffin gumakan ƙasa. Da ta ƙi yarda ya zana hotonta, don tana tsoron mai hoto yana samun iko a kan wanda ya zana, ya ba da labarin cewa ya mare ta, ita kuwa ta yi murna ta zauna. Ya faɗi wannan ba tare da wata damuwa ba, kamar hujja ce cewa irinta iko kawai take ganewa. Mai karatu na yau ba zai wuce shafin nan cikin sauƙi ba. Matar da ta haifi ƴaƴa da yawa suka mutu, take wanki da girki a gidan baƙo don ta ci abinci, tana da nata lissafi na rayuwa, amma ba a tambaye ta ba. Tsoron da ta yi kuwa bai zama banza ba: ga shi shekara tamanin ana kallonta ta fuskar da wani ya zaɓa mata.

Akwai wani zare a littafin da masu sharhi na Turai sukan wuce da sauri, wanda ya cancanci ɗan Afirka ya tsaya a kansa. Zaman Levi a Aliano ya zo daidai da yaƙin Habasha. A farkon Oktoban 1935 sojojin Italiya suka shiga ƙasar Haile Selassie, Don Luigino kuma ya riƙa tara mutane a dandali don su saurari jawabai. Manoman suka tsaya shiru. A yadda Levi ya ruwaito, suna ganin yaƙin na mutanen Roma ne, kuma ƙwace ƙasa daga hannun masu ita ba ya kawo alheri. Daren Kirsimeti, da Don Trajella ya yi wa'azin zaman lafiya, magajin gari da mutanensa suka tayar da waƙoƙin fasist a cikin coci, suka kai ƙararsa. Sannan ga ƙarshen al'amarin: a Mayun 1936 Addis Ababa ta faɗi, gwamnati ta yi afuwa don murnar nasara, kuma da wannan afuwa ce Levi ya samu ƴancinsa. Littafin ya ambaci hakan ya wuce. Mutumin da ya iya jin zafin manomin Lucania har cikin ƙashi bai tsaya ya yi dogon tunani a kan waɗanda aka zuba wa iskar guba a tsaunukan Habasha ba. Ba laifi ne da za a rataye shi a kai ba, tunda abin da ya gani ya rubuta. Amma yana nuna inda tausayinsa ya yi iyaka, kuma manoman da ya ce ba su san siyasa ba sun yi hukuncin da ya fi na masu digiri na garin daidai.

Duk da wannan, zalunci ne a auna littafin da kurakuransa kaɗai. Littattafan da suka motsa gwamnati ba su da yawa, wannan yana cikinsu. Ƴan shafuffukan da ya sa a bakin ƴar'uwarsa Luisa, ita ma likita, inda take kwatanta kogunan dutse na Matera da dubban mutane suke zaune ciki da dabbobinsu, da yara suna bin ta suna roƙon kinin, sun taimaka wajen mayar da wurin abin kunyar ƙasa baki ɗaya. A 1950 shugaban gwamnati De Gasperi ya ziyarci Matera, a 1952 aka yi dokar kwashe mazauna kogunan zuwa sababbin unguwanni. A 1993 UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya, a 2019 Matera ta zama birnin al'adu na Turai, kuma da yawa daga ramukan da aka fitar da talakawa yanzu masaukai ne masu tsada. An kawar da zazzaɓin cizon sauro bayan yaƙi, an yi rabon gonaki a 1950, amma mutane suka ci gaba da tafiya, a wannan karo zuwa Torino da Milano da Jamus da Suwizalan.

Wannan shi ya kawo matsalar matafiyi na yau. Yana zuwa Aliano neman Gagliano, Gagliano kuwa babu shi. Ko Francesco Rosi, da ya mayar da littafin fim a 1979, Gian Maria Volonté yana Levi, Irene Papas tana Giulia, sai da ya haɗa da wasu garuruwa don ya samu tsohuwar fuskar da yake nema, ciki har da Craco, wanda zaftarewar ƙasa ta 1963 ta fara korar mutanensa. Kango ya fi garin da ke raye dacewa da hoton. Baƙon da ya karanta littafin yakan ji ɗan takaici in ya ga tsohuwa da wayar salula, ko motoci a dandali, kamar an ha'ince shi. Yana ɗaukar hoton gidajen nan da tagoginsu biyu suke kama da idanu, da fararen tuddai da yamma, ya koma. Tambayar ko nawa ne yaran da suka rage a makaranta, ko ina matasa suka tafi, ba ta cikin littafin da ke jakarsa.

Ana iya gwada wannan da wani nau'in rubutu da ya fi yawa a kasuwa, irin littafin Frances Mayes na 1996 a kan gidan da ta saya ta gyara a Cortona ta ƙasar Toscana, wanda aka yi fim ɗinsa a 2003. A can garin kan tudu wurin hutun rai ne: zaitun, inabi, abinci, magina masu ban dariya. Levi ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba, domin ya zo a tsare, ya yi aiki, ya ga mutuwa. Amma littattafan biyu sun yi tarayya a abu guda: a cikinsu garin wuri ne da lokaci ya tsaya domin baƙo ya gano kansa. Ɗaya ya sami aljanna, ɗaya ya sami wurin da aka manta, mazauna kuwa a duka biyun suna tsaye ne inda aka ajiye su.

Levi kansa, a yi masa adalci, bai tsaya inda littafinsa ya tsaya ba. Bayan yaƙi ya koma Lucania sau da dama, ya ƙulla abota da Rocco Scotellaro, mawaƙi ɗan talakawan Tricarico wanda ya zama magajin garinsu a 1946 yana ɗan shekara 23, ya shiga gwagwarmayar manoma ta neman ƙasa har aka ɗaure shi, ya rasu a 1953. Scotellaro ya fara abin da Levi bai yi ba: ya zauna da manoma ya karɓi tarihin rayuwarsu daga bakinsu, aikin da aka buga a 1954 da sunan Contadini del Sud bayan mutuwarsa. Levi ya tsaya wajen ganin an buga rubuce-rubucen abokinsa, kuma babban zanensa Lucania '61, wanda yake Palazzo Lanfranchi a Matera, Scotellaro ne a tsakiyarsa yana yi wa jama'a jawabi. Mutanen da ke cikin wannan zane suna taro, suna sauraro, suna gardama. Matafiyin da zai hau Aliano zai amfana in ya fara tsayawa gaban zanen nan, ya kuma sa littafin Scotellaro a jaka tare da ɗayan.

Levi ya shiga majalisar dattawan Italiya a 1963, ya rasu a Roma ranar 4 ga Janairun 1975, aka kai gawarsa Aliano. Maƙabartar tana can saman gari. A zamanin ɗaurin talala nan ne iyakar inda aka yarda ya taka, kuma ya ba da labarin cewa da zafin rana yakan sauka cikin wani sabon kabari da aka haƙa ba a sa kowa ba, ya kwanta da littafi don ya sha sanyi, karensa Barone a kusa da shi. Kabarinsa yana fuskantar tuddan yumɓu, masu ziyara kuma sukan ɗora ƙananan duwatsu a kansa bisa al'adar Yahudawa.